Binnen Burkusuma

Ranar kasuwar Sabon Birni ce, a shekara ta biyu da ruwan sama ya yi wa Gobir rowa, Zulaihatu ta fara ganin Lawwali. Kuma maganar gaskiya, haushi ya fara ba ta.

Dusa ta zo saye. Ka ji fa! 'Yar Labbo na rugar gefen Gatawa, mutumin da a da in garkensa zai tsallaka titi sai mai mota ya kashe inji ya jira, yau ita ce ke yawon neman dusa a kwano saboda babu ko tsinken ciyawa a daji. Tana fitowa daga layin masu dusa ta hangi taro a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya. Wani siririn saurayi ne tsaye kan benci, rigarsa ta sha guga, yana ɗaga waya sama.

"Lamba ɗaya kawai za ku ajiye," yake cewa. "Sunanshi Ɗan Aike. Ku yi mishi magana kamar yadda kuke hira da ɗan'uwa a waya, da rubutu ko da murya. Ku tambaye shi ina anka yi ruwa, wace rijiya ta ƙafe, ina ciyawa ta hito. Ba mutum ba ne, bot ake ce mishi, ni na haɗa shi."

"Aljani dai ke nan," in ji wani dattijo. Aka yi dariya.

Wayar mahaifinta, wanda take kira Baffa, tana hannunta, don ita kaɗai ta gama sakandare a rugar, ita ke karanta masa saƙo. Ta ajiye lambar, ta matso gaba, ta danna ta yi tambaya da Fillanci. Wayar ta amsa da ƙarfi: "Ban gane ba. Sake tambaya."

Ta sake da Hausa: "Ina ciyawa?"

"Gobe za a yi rana," in ji Ɗan Aike.

Kai, ranar an yi dariya a bakin kara har da masu riƙe ciki. Zulaihatu ta dubi saurayin sama da ƙasa ta ce, "Malam, wanga ko akuyarmu ta sani."

Ya sauko daga bencin, gumi na bin wuyansa. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

"Gwaji ne, ƙanwata. Bai gama koyo ba. Sunana Lawwali, daga Isa nike. Don Allah duk shirmen da ya yi miki ki turo min, za ni gyara."

"Aikinka za ni yi maka kenan?"

"Taimako dai. Ba ni lambarki."

"Aljaninka na da ita," ta ce, ta ɗauki dusarta ta wuce.

Kafin ta kai tashar masu babur saƙo ya shigo.

"Na tambayi aljanin, ya ba ni. Na gode da kunyar da kika ba ni, na gano inda matsalar take. Ki gaida akuyar."

Ta yi tsaki. Ta karanta shi sau uku a kan babur.

Sabis a rugarsu sai an hau tudun bayan garke. Nan Zulaihatu ta riƙa hawa kowace safiya bayan tatsa, wai don ta kama Ɗan Aike da laifi. Kuma tana kama shi.

"Injiniya, yau na tambaye shi rijiyar Unguwar Lalle ya ba ni maganin tsutsar awaki."

"Allah ya ba ki haƙuri, ranki ya daɗe. Na gyara. Gwada yanzu."

"Ya gyaru. Amma ba ya jin Fillanci har yau. Wane irin ɗan aike ne wanga da ba ya jin maganar rabin masu aikenshi?"

"Malama ba shi da ita. Ni ma ba ni da ita. Ki koya muna mu biyu."

Haka ta zauna tana tura masa kalmomi da murya, sunan ciyawa iri iri, sunan cututtukan shanu, yana saka wa na'urarsa. Tun ana "ƙanwata" aka koma "Malama", daga nan aka koma "Zulaina". Ita kuwa ba ta taɓa sauka daga "Injiniya" ba, sai dai yadda take furta shi ne ya canja. Wata rana ya turo:

"Zulaina, akwai matsalar da na kasa gyarawa. Duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya hwaɗi, in ba ke ba ce sai in ji haushin mai saƙon, ko da Innata ce. Mi za ni yi?"

Ta daɗe zaune kan tudun tana murmushi ita kaɗai kafin ta rubuta: "Ka zo ka gaida Baffa."

Ya zo, da goro da sabon takalmi da ƙaya ta gama da shi kafin ya iso. Labbo ya karɓe shi da mutunci, aka ba shi tabarma da ruwa. Bayan ya tafi dattijon ya kira 'yarsa.

"Yaron ga, mi yake kiwo?"

"Ba shi kiwo, Baffa."

"Noma?"

"Ubanshi tela ne. Shi ko aikin kwamfuta ya karanta."

Labbo ya jinjina kai. "Ba ni yi miki dole, Zulai. Amma ga Maliki ɗan ƙanena, tare kunka tashi, ya san sunan kowace saniya tawa. Wancan ko in na mutu, wa za ya bar ma garken? Waya?"

A ranta ta ce za ta nuna masa.

Kuma da farko kamar za ta nuna masa ɗin. Ɗan Aike ya faɗi ranar da masu allurar dabbobi za su zo, suka zo. Ya ce wata tsohuwar rijiya a Unguwar Lalle tana da sauran ruwa, aka je aka samu. Har ta kai Labbo da kansa in ya idar da sallar asuba yakan ce, yana kallon wani wuri, "Hau tudu ki ji mi aljanin saurayinki ya ce."

Watan da ya kamata damina ta kankama ya shigo, sama wayam. Shanu sun rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, wasu sai an taru an ɗaga su da safe. A irin wannan safiyar saƙon ya shigo:

"Albishir ga makiyaya. Ruwa ya sauka sosai a yankin Burkusuma kwana goma sha biyu da suka wuce. Sabuwar ciyawa ta fito.
Lura: Ɗan Aike yana matakin gwaji. A tabbatar kafin a yi aiki da saƙonsa."

Da gudu ta sauko. Ta tarar da Baffa da Maliki suna ɗaga wata karsana, ta karanta musu tana haki. Layin ƙarshen nan kuwa ba ta karanta ba. Yana ƙasan kowane saƙo tun ranar farko, ta daɗe da daina faɗinsa. Amma kada mu yi wa juna ƙarya, ranar ta gan shi sarai. Idonta ya sauka a kansa ta tsallake, don tana so a ce abin Lawwali ne ya ceci garken Labbo.

Maliki ya goge hannu a riga. Shi ne mai dubo wa rugar makiyaya tun yana saurayi, ba a taɓa tashi da shanu ba sai ya je ya gani da idonsa.

"Baffa, bari in hau babur in dubo. Kwana biyu na dawo."

"Kwana biyu!" Zulaihatu ta ce. "Saƙon ga ba mu kaɗai anka turo ma ba. Kahin ka je ka dawo wasu sun cinye ta. Dubi shanun, Hamma Maliki, suna da kwana biyun jira?"

Labbo ya dubi karsanar da ƙafafunta ke rawa. Ya dubi 'yarsa.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Baffa."

Kashegari suka kora.

Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, amma Zulaihatu ta ƙirga. Arba'in da ɗaya suka fita. Bayan kwana takwas, da azahar, ashirin da uku suka shigo, suna tafiya kamar a kan ƙaya. Babu ruwan da aka yi a Burkusuma. Ko ɗigo. Ƙasa ce busasshiya da rana da rijiyoyin da masu su ke tsaye a kai da sanduna.

Inna Habi, mahaifiyarta, ta ɗora hannu a ka tana salati. Labbo ya juya ya ɗauki buta. Ya yi alwala, ya yi salla, ya daɗe zaune. Da ma duka ya yi, da ma zagi, wallahi da ya fi mata sauƙi. Da la'asar ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Ki hwaɗa ma yaron kada ya ƙara tako rugag ga."

Ba su kaɗai ba ne, ruga uku suka bi saƙon. Aka kira Lawwali ƙofar gidan mai gari. Mata ba sa zuwa wurin, amma wani ya naɗi maganar a waya, Maliki ya kawo ya ajiye mata a kan turmi ya tafi. Ta ji muryar Injiniyanta, tana rawa amma tana da taurin kai.

"Ina ba kowa haƙuri, amma a yi min adalci. Na'urar ba ta ƙirƙiro komai ba, abin da mutane sunka hwaɗa mata shi ta hwaɗa. Kuma a ƙasan kowane saƙo an rubuta gwaji ne, a tabbatar. Duk wanda ya karanta ya gani."

Duk wanda ya karanta! A rugar Labbo mutum nawa ne ke karatu? Ta ji kamar ya miƙo yatsa ta cikin wayar ya nuna ta. Kuma abin takaicin, gaskiya ya faɗa.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Zulaina, ki yi min magana don Allah."

"Na duba komai sau goma. Hanyar da yake gane ruwa mai sauƙi ce. Yana tambayar manoma: ka yi shuka? Danna 1 in ka yi. In mutum ashirin a yanki ɗaya suka danna, ya san ruwa ya sauka, bayan kwana goma ciyawa ta fito. A Burkusuma mutum ashirin da bakwai suka danna. Ina laifinsa?"

"Ko dai ƙarya suka yi, ko wani ne ya shirya su don ya ɓata ni a wurin Baffa. Kin san wanda zai amfana."

Wannan na ƙarshen shi ya ƙona ta. Ta rubuta:

"Maliki ya yanka shanu shida da hannunsa a kan hanya don kada su mutu mushe. Har da wadda ya raina tun tana maraƙa. Ƙafafunsa sun fashe. Kai kana ina? Kada ka ƙara sa sunansa a bakinka."

Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin tabarma.

Mako biyu ba ta hau tudu ba. Abinci ba ya shigar ta. In ta ga Baffa yana tsinka ganyen bishiya yana ba sauran shanun da hannu sai ta juya ta shige ɗaki. Wata yamma Maliki ya same ta tana daka.

"Zulai, ba na zo in ce miki na hwaɗa ba. Ni ma na bi, ai da na ƙi. Amma kin san abin da ke raina tun da daɗewa. In kin yarda, za ni yi ma Baffa magana."

Ta ajiye taɓarya. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Hamma Maliki, da zuciya na jin magana da na ba ka ita yau. Ina jin haushin Lawwali kamar in mutu. Amma shi ɗin dai ne."

Maliki ya ce, "To Allah shi kyauta." Ya tafi.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne mutum ashirin da bakwai ɗin nan. Me zai sa manomi da yunwa ke kallo ya zauna ya yi wa waya ƙarya? Da safe ta ciro wayar ta hau tudu. Saƙo talatin da wani abu ta tarar, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ta rubuta: "Turo min lambobin mutanen Burkusuma. Ba don kai ba."

Ya turo nan take. Ta kira ta farko a kashe, ta biyu ba ta shiga, ta uku wani tsoho ya ɗauka, ya ce sunansa Bawa.

"Baba, don Allah tambaya gare ni. Watan jiya Ɗan Aike ya tambaye ku ko kun yi shuka, kunka danna ɗaya?"

"Ƙwarai, ɗiyata. Jikana ya danna min."

"Kun yi shukar?"

"Mun yi mana. Duk garin."

"To ruwan fa, Baba?"

"Wane ruwa? Binne munka yi. Mun gaji da kallon sama, munka ce bari mu zuba iri cikin busasshiyar ƙasa mu ruhe, in Allah ya kawo ruwa ya iske shi ciki. An tambaye mu shuka, munka ce mun yi. Ba wanda ya tambaye mu ruwa." Ya yi tari. "Irin ma ya tahi, rana ta soye shi, tururuwa ta kwashe saura. Ke wace ce?"

"Ɗiyar Labbo ta Gatawa."

"Masu shanun nan? Allah sarki. Ɗiyata, da munka hange su tahe wallahi kuka munka yi. Munka ce wa ya turo bayin Allah ga cikin wutag ga?"

Ta yi masa godiya ta kashe. Daga kan tudun tana hango 'yar gonar Innarta a bayan ruga. A watan nan da ake magana, ita da kanta ta bi bayan Inna Habi tana jefa gero a busasshen rami tana turbuɗewa da diddige. Binne! Abin da ko yaron goye ya sani a ƙasar Gobir. Shanu goma sha takwas. Ta zauna a kan dutse ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da suka dawo.

Sannan ta kira shi.

"Zulaina! Alhamdu lillahi..."

"Tsaya. Ka san binne?"

"Binne? Na sani mana, kakana ma..." Maganar ta tsaya. Ta ji numfashinsa ya canja. Sannan ya ce, "Inna lillahi. Ba ƙarya sunka yi ba."

"Ba ƙarya sunka yi ba."

"Ni na rubuta dokar, Zulai. Da hannuna. A littahi na gani, ana shuka bayan ruwan hwarko. Na zauna a ɗaki a Isa na rubuta, ban tambayi manomi ko ɗaya ba. Ga su nan bayan gidanmu."

Gyaran bai ɗauke shi wuni ɗaya ba, abin da ya fi ba ta takaici ke nan. Kafin la'asar Ɗan Aike ya daina tambayar shuka. Yanzu cewa yake: ruwa ya sauka a garinku? Ka tona, jiƙar ta kai yatsa, ko tafin hannu, ko gwiwar hannu? Kuma ba ya yi wa makiyayi albishir da ciyawa sai wani ya turo hotonta.

"Na gyara," ya rubuto. "Masu ɗaukar nauyin aikin sun ce in gyara shiru, kada in ce komai, in ba haka ba za su janye."

"To ka yi shiru. Ka riƙe aljaninka. Ni dai ba ni auren mutumin da ya bar tsoho Bawa da sunan maƙaryaci, ya bar Maliki da sunan munafuki."

"In na faɗa, Baffa ba zai taɓa ba ni ke ba."

"In ba ka faɗa ba, ko ya ba ka ba ni zuwa. Ni ma ina da nawa da zan faɗa masa, kuma nawa ya fi naka muni."

Kwana biyu shiru. Rana ta uku, duk wayar da ke da lambar Ɗan Aike daga Isa har bakin iyaka ta yi ƙara. Ba muryar na'ura ba ce, tasa ce.

"Assalamu alaikum. Lawwali ne, wanda ya haɗa Ɗan Aike. Saƙon ciyawar Burkusuma kuskurena ne, ni kaɗai. Manoman can gaskiya sunka hwaɗa, binne sunka yi, ni ne ban yi tunaninshi ba. Ba wanda ya yi min makirci. Abin da na hwaɗa a ƙohwar mai gari don in kare kaina ne. Na gyara, amma gyaran ba ya tada saniyar kowa. Wanda ya iya ya gahwarta min."

Fiye da rabin mutane suka goge lambar a makon. Masu ɗaukar nauyi suka janye kamar yadda suka ce. Shi kuwa ya hau babur ya bi sauran rugage biyun da suka yi asara ɗaya bayan ɗaya. A ta farko aka ƙi amsa sallamarsa. A ta biyu wata tsohuwa ta tofa masa yawu a riga, ya tsaya bai goge ba har ta gama. Rugar Labbo ya bari ƙarshe. Bai shiga ba tunda an hana shi, ya zauna a rana a wajen shinge tun hantsi.

Sai bayan azahar Labbo ya fito da sandarsa. Lawwali ya durƙusa ya fara magana, dattijon ya ɗaga hannu.

"Na ji saƙonka. Maliki ya kunna min."

Zulaihatu ta fito daga bayan zana, abin da 'yar Fulani ba ta yi a gaban uba da saurayi. Ta zube a ƙasa.

"Baffa, akwai layin da ban karanta maka ba. An rubuta gwaji ne, a tabbatar. Na gani na tsallake. So nike ka ga amfaninshi ka ba shi ni. Ni na kashe maka shanu."

Labbo ya dube ta, karo na farko cikin wata guda.

"Kina tsammani ban san layin ba? Wata huɗu kina karanta min shi kullum kahin ki bari. Na lura da ranar da kinka bari." Ya dogara da sandar. "Shekara hamsin ina kiwo, ban taɓa tashi ba sai an dubo min. Ranar nan na gaji, Zulai. Na gaji da ɗaga shanu da sahe. Da na ce miki kin tabbata, so nike wani ya ɗauke min nauyin. Na ɗora ma ɗiyata, kuma na bar ki da shi wata guda don ban iya kallon kaina ba."

Inna Habi tana kuka a bayan zana.

Ya juya ga Lawwali. "Kai ko, ban huce ba. Ban san ranar da za ni huce ba. In na gan ka sai in ga hanyar Burkusuma. Amma na ga maza da yawa sun yi ɓarna, ban ga wanda ya bi gida gida yana cewa shi ne ba. Ka turo manyanka."

Ruwa ya zo a makare, ya yi kwana kaɗan ya ɗauke. Bayan 'yar kakar da aka samu aka sa rana. Mako ɗaya kafin ɗaurin auren Maliki ya kora sauran shanun kudu, don ba abin da za su ci a nan har wata damina. Ya zo ya yi wa Zulaihatu sallama, ya ce Allah ya sa alheri, bai tsaya biki ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Lawwali ya koma zama a shagon ubansa yana gyaran waya, da yamma yana kula da Ɗan Aike da 'yan mutanen da suka rage masa.

Safiyar ɗaurin aure saƙonsa ya shigo, lalle na hannunta sai da wata ƙawa ta buɗe mata.

"Zulaina, ba ni da abin da zan yi miki alkawari da shi sai ɗaya. Ba zan ƙara kare kaina a gabanki ba in ni ne da laifi. Ina son ki."

"Rubuta masa," ta ce wa ƙawar, "na ji. Ya zo da wuri, kada ya sa Baffa jira."

Aka ɗaura aure da hantsi a ƙarƙashin bishiyar ƙofar ruga, aka shafa fatiha. Sai aka fito da ƙwaryar fura. Garke ba kowa, babu saniyar tatsa ko ɗaya, don haka da madarar gari ta kanti aka dama. A bikin 'yar Labbo! Inna Habi ta dama tana ɓoye fuska. Da aka ajiye ƙwaryar a gaban dattijon, wurin ya yi tsit, don kowa ya san bai taɓa kai wannan abin bakinsa ba tunda aka haife shi.

Ya dubi ƙwaryar. Ya ɗauki ludayi ya yi bisimilla ya sha, ya ƙara, ya ƙara. Sannan ya cika ludayin ya miƙa wa Lawwali da hannunsa.

"Sha, surukina."

Lawwali ya karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba cikin furar, ya shanye.

Da la'asar aka kawo amarya lulluɓe ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya ɗora hannu a kanta.

"Na yahe miki, ke ma ki yahe min. Allah shi yi muku albarka. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Allah shi shayar da mu, shi shayar da mutanen Burkusuma, shi maido Maliki da abin da ya rage lahiya."

"Amin," taron ya amsa.

Aka ɗora ta a mota zuwa Isa. Labbo ya tsaya a bakin shinge har motar ta ɓace, sannan ya juya ya nufi garken kamar yadda ya saba kowace yamma. Sai da ya kai rabin hanya ya tuna ba kowa a ciki.